Daina sayen rigar Bangladesh: tausayi ne ko raini?

Malam, ka tambaya ko daina sayen tufafin Bangladesh tausayi ne ko raina ƙasar. Ni dai ban goyi bayan ƙauracewa ba. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi, ya rufta a garin Savar na Bangladesh, mutum 1,134 suka rasu, galibinsu mata maɗinka. Kwana ɗaya kafin nan aka ga bangon ya tsage, amma aka tilasta musu komawa kan keke. Su wa ke matse farashi? Manyan kamfanonin Turai da Amurka masu ba da oda. In aka guje wa ƙasar, maɗinkiyar ce za ta rasa na tuwo. Kamfanin za ka bincika, ko ya sa hannu a yarjejeniyar kare ma'aikata da aka ƙulla bayan hatsarin.