Na'urar VR biyu za su ishi rukunin mutum takwas

Ɗan'uwa, ka ce ku takwas ne a rukuninku na bitar bayokemistiri, na'urar VR (gilashin da ake sawa a fuska a ga abu kamar yana gabanka) biyu kacal gare ku, kana tambaya ko za su isa. Za su isa, har ma gara haka da a ce kowa na da tasa. Wanda ya sa gilashi shi kaɗai yakan shagala da kallo, ya cire bai riƙe komai ba.

Ku rabu huɗu-huɗu. Mutum ɗaya ya sa, a haska abin da yake gani a allon kwamfuta, sauran ukun su yi ta jefa masa tambaya. Jagora ya zama ɗalibin da ya riga ya ci kwas ɗin, kuma aikinsa tambaya ne, kada ya mai da zaman lacca.

Ga misali. A manhajar Nanome ku buɗe hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, daga Protein Data Bank, rumbun siffofin furotin a intanet, lamba 4HHB. Mai gilashi ya nuna sarƙoƙi huɗun, alfa biyu da beta biyu, ya nemo ƙarfen da ke tsakiyar kowane heme, wato sashen da ke kama oksijin, sannan ya je gurbi na 6 a sarƙar beta. A nan ne valine ke maye gurbin glutamic acid a cutar sikila; duka biyun amino acid ne, tubalan da ke gina sarƙar. Sai ku buɗe 2HBS, hemogulobin na sikila, ku gwada shi da 4HHB. Valine ba ta shiri da ruwa, don haka idan iskar oksijin ta yi ƙasa takan liƙe a wani ɗan rami na hemogulobin da ke maƙwabtaka, su yi dogon zare da ke lanƙwasa jan ƙwayar jini. Da ya cire gilashin, ya zana wannan a takarda ba tare da leƙe ba. Kada ku tsallake zanen nan, don a takarda za a yi jarrabawa.

Kowa minti 10 zuwa 15. Sabon shiga yakan ji jiri da tashin zuciya, saboda ido na ganin motsi alhali kunnen ciki na shaida wa ƙwaƙwalwa jiki a tsaye yake. Wanda ya ji haka ya cire nan take, kada a ce ya daure. Idan hoto ya yi dishi-dishi, a daidaita tazarar ruwan tabarau. Na'urar VR samfurin Quest 2 na da matakai uku, milimita 58, 63 da 68.

Batir kusan awa biyu yake yi, ku yi caji tun kafin zama. A share fili mita biyu a kowane gefe. Ruwan tabarau da busasshen ƙyalle mai laushi ake goge shi, ban da sinadarin alkohol, kuma kada rana ta haska cikinsa, tana ƙona allon.