Tambayoyin Lafiya: Da Gaske Ƙwaya Na Buɗe Basirar Mawaƙi?

Tambaya: Likita, ni mai saka kiɗa ne a wuraren biki. Duk daren da na dawo aiki sai kunnena ya yi ta ƙara kamar kukan gyare. Abokina ya ce in ɗiga ruwan albasa.

Amsa: Kar ka ɗiga komai, ɗana. Ƙarar lasifika ce take lalata ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Ka daina tsayawa a bakin lasifika, ka riƙa toshe kunne lokacin aiki. In ƙarar ta wuce kwana biyu, je ka ga likitan kunne.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena ɗan shekara 21 yana waƙa a situdiyo, yana shan wiwi da tiramol, wai sai da su baiti yake zuwa masa. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai Syd Barrett, wani Bature mai kiɗan rock, da ƙwaya ya yi suna a duniya. Yanzu ba ya barci, yana dariya shi kaɗai, yana cewa ana zancensa a rediyo. Innarmu ta ce iska ce, kawu ya ce a kai shi gidan mari.

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta tayar mini da hankali. A kai yaron nan asibiti cikin satin nan, kafin a zauna wata shawara.

Tunda ya kafa hujja da Syd Barrett, rabin labarin aka ba shi. An haifi Barrett a Cambridge ta Ingila a 1946. Tun yana yaro yake zane, yake kaɗa jita, ba ƙwaya ce ta koya masa ba. Shi ya raɗa wa ƙungiyar Pink Floyd suna, shi ne mawaƙinta, kuma shi ya rubuta yawancin waƙoƙin faifansu na farko a 1967. A shekarar da duniya ta san shi, a cikinta ya fara lalacewa, lokacin da ya dulmuya cikin shan LSD, ƙwayar da ke sa mutum gane-gane da jiye-jiye. Sai ya hau dandamali ya tsaya ƙiƙam, ido a kafe, ko ya yi ta kaɗa sauti ɗaya har a tashi. Abokansa suka ɗauko wani makaɗin jita, David Gilmour, ya riƙa rufa masa asiri. A farkon 1968, ranar da za su wasa a Southampton, motarsu ta wuce ba ta biya ta ɗauke shi ba. A watan Afrilu aka sanar ya bar ƙungiyar, yana ɗan shekara 22.

A 1975 ya shiga situdiyon Abbey Road a Landan, 'yan ƙungiyar suna aiki, ya yi ƙiba, ya aske kai har da gira. Mutanen da suka taso tare da shi suka daɗe ba su gane shi ba. Daga baya ya koma gidan mahaifiyarsa a Cambridge, ya rabu da kiɗa har ya rasu a 2006. Shahararsa a ƙungiyar da ya kafa ba ta kai shekara 2 ba. Wannan ne wanda ƙaninki yake son ya gada?

Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wiwi a wannan tsakanin yana iya tayar da taɓin hankali, musamman in akwai mai lalurar a dangi. Tiramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai sha yana jin kamar basira ta zubo masa, alhali hukuncinsa ne ya dushe, komai ya rera sai ya ji ya yi daɗi. Rashin barci, dariya shi kaɗai da zaton rediyo na zancensa alamu ne da muke gani kullum a asibiti, suna da magani, kuma wanda aka kawo da wuri ya fi samun sauƙi.

Maganar gidan mari kuwa, wallahi tana ɓata mini rai. Mara lafiya ne fa! Sai a sa masa sarƙa, a yi ta tsula masa bulala, a turara masa barkono, a hana shi abinci, bayan wata shida a kawo mana shi da gyambo a idon sawu, ciwon ya yi nisa. Ki roƙi kawu da girman Allah ya janye wannan magana. Ki kuma lallashi Inna: a yi addu'a, a yi tofi, babu likitan da zai hana, amma a haɗa da asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ko ku fara da babban asibitin da ya fi kusa.

Ku tafi da ragowar abin da yake sha, ku gaya wa likita gaskiya ba kunya. Kar ku yanke masa tiramol rana ɗaya a gida, likita ne zai tsara yadda za a rage. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma ba a dainawa don an ga ya ji sauƙi. In ya yi jijjiga, ko ya ambaci kashe kansa, ko ya ɗauki makami, kar a jira gari ya waye.

Tambaya: Likita, ina rera waƙar Islamiyya, muryata ta dishe. Kanwa za ta buɗe ta?

Amsa: A'a, 'yata, bar kanwa. Ki huta da magana, har da raɗa, ki sha ruwa sosai. In dishewar ta kai sati uku, a duba maƙogwaronki a asibiti.