Amsa ga Hajiya kan tafiyar Toronto a hutun Disamba

Hajiya, barka da war haka. Kin ce za ki je wurin 'yarki a Toronto a hutun ƙarshen shekara, an nuna miki tikiti mai sauƙi wanda aka raba biyu, Abuja zuwa Turai da kamfani ɗaya, daga can zuwa Kanada da wani kamfanin daban. Kina tsoron yajin aikin da ake yawan ji a filayen jiragen Turai, kina kuma tambaya ko rashin isasshen mai ne ya hana jirgi kai ki kai tsaye. Na daɗe ina bin wannan hanyar, kuma shawarata tun farko ita ce kada ki karɓi wannan rababben tikitin. Araha ba ta ado.

Maganar mai ba ita ce matsalar ba. Boeing 787-9 yana cin kimanin kilomita 14,000 ba tare da ya sauka ba, Airbus A350-900 ma ya ɗan fi haka, alhali daga Legas zuwa Toronto bai kai 9,500 ba. Jirgin Singafo zuwa New York yana shafe fiye da awa 18 a sama. Abin da ke sa a buɗe hanya ko a ƙi shi ne lissafin kasuwa da yarjejeniyar ƙasashe. Inda ƙarfin jirgi ke shigowa da gaske shi ne ta Addis Ababa, idan kin bi kamfanin Ethiopian daga Kano. Filin jirgin birnin, wato Bole, yana kan tudu, sama da mita 2,300, iskar wurin ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da cikakken nauyinsa. Saboda haka a tafiya yakan yada zango a Turai ya sha mai, fasinja na zaune a ciki, a dawowa kuma ya miƙe sak. Wannan saukar ba abin damuwa ba ce.

Yajin aikin kam gaskiya ne. A Disamban 2022 jami'an duba fasfo na Birtaniya sun ajiye aiki daga 23 zuwa 26 da kuma 28 zuwa 31 ga wata, har sai da aka kawo sojoji filayen jirgin Landan, Heathrow da Gatwick, suna duba takardu. Ranar 10 ga Maris 2025 ƙungiyar ƙwadago ta Verdi ta tsayar da filaye 13 a Jamus, har da Frankfurt da Munich, aka soke tashin jirage sama da 3,000. Na Hamburg ma tun jajiberi suka fara, ba tare da gargaɗi ba. A Faransa masu ba jirage hanya daga hasumiya ne suka fi yi, kuma nasu yana taɓa har jirgin da ratsa samansu kawai zai yi. Ni ban ga laifin ma'aikacin da ke neman haƙƙinsa ba, sun san lokacin hutu ne muryarsu ta fi kai wa kunne. Amma mai tafiya shi ke kwana a kujera.

A nan tikiti ɗaya yake rana. Idan duk tafiyar tana ƙarƙashin lamba guda, jirgin farko ya makara kika rasa na biyu, wajibin kamfani ne ya sa ki a wani jirgin ba tare da kin ƙara sisi ba, akwatinki kuma yana wucewa da kansa. Idan rababbe ne, kamfani na biyu zai rubuta cewa ba ki zo ba, kuɗin ya tafi. Ga kuma abin da masu sayar da tikiti ba sa faɗa: da fasfon Najeriya da bizar Kanada za ki iya canza jirgi a Paris ko Frankfurt, amma ba za ki iya ƙetare shingen jami'an shige da fice ki ɗauko akwati ki sake aunawa ba sai da bizar Schengen, wato ta shiga waɗannan ƙasashen Turai. Haka idan an soke jirgi, otal ɗin cikin gari ba naki ba ne. Na taɓa kwana a irin wannan zauren jira tare da wata dattijuwa da maganin hawan jininta ke cikin akwatin da aka auna, hankalinmu bai kwanta ba sai da gari ya waye. Magani, abin sallah, caja da rigar sanyi su kasance a jakar hannunki.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana aiki kan duk jirgin da ya tashi daga can, da kuma wanda ya shiga idan kamfanin na Turai ne. A doguwar tafiya diyyar jinkiri tana kai wa Yuro 600. Idan ma'aikatan kamfanin jirgin ne suka yi yaji ana biya, kotunsu ta tabbatar da haka a 2021. Idan na hasumiya ne ko masu binciken tsaro, babu diyya, amma abinci da sauya jirgi ko mayar da kuɗi suna nan daram. Ki adana katin shiga jirgi da duk rasit.

Kada kuma ki manta da namu na gida. Disamba lokacin hazo ne, jirgin Kano zuwa Abuja yana iya wuni bai tashi ba. Ki sauka Abuja kwana ɗaya kafin tafiya. A Turai ki nemi tazarar awa huɗu ko fiye tsakanin jirage, kuma in da hali ki tashi kafin 18 ga wata, domin daga nan zuwa Kirsimeti kujeru cike suke, wanda aka soke wa jirgi yana iya jiran kwanaki kafin a sama masa wuri. Allah ya kai ki lafiya, a gaida 'yar tamu.