Agwagin da Goggo ta gani a ɗakin amarya

Goggo, barka da war haka. Kin ce a hoton bikin ɗiyar maƙwabcinmu kin hango zanen agwagi biyu a bango, har kika tambaya ko an rasa abin ado ne. Ban ga laifinki ba. A gida agwagwa a kwata take wuni, wa zai sa ta cikin kayan ɗaki?

Wannan ba irin tamu ba ce. Sunanta oshidori a nan Japan. Namijin kamar ango yake, baki ja, ƙirji ruwan makuba, ga fuka-fukai biyu ruwan goro a tsaye a bayansa. Macen toka-toka ce, da farin zobe a ido, kuma a kogon bishiya take ƙwai. Lokacin sanyi bibbiyu ake ganinsu a tafki, kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa idan miji da mata suna zaman lafiya sai a kira su oshidori fufu. Daga Sin abin ya samo asali, a Koriya ma ana ba ma'aurata agwagin katako. Masana tsuntsaye sun ce namijin kan sake mata idan shekara ta zagayo, amma hakan bai sa mutane sun bar al'adar ba.

Wani mai zane na birnin Kiyoto a nan Japan, Ito Jakuchu, wanda ya rasu a 1800, ya zana su cikin dusar ƙanƙara, ko'ina fari fat, rassa sun sunkuya don nauyi. Wannan ya fi taɓa ni. Auren da ake yabo a nan shi ne wanda ya jure hunturu.

Mu Hausawan nan kuwa, wasunmu sun yi surukuta da Japanawa. Idan suruka ta kawo irin wannan zane, da hannu biyu muke karɓa, don shi ne nata "Allah ya ba da zaman lafiya". Sai dai ba ma rataye shi inda ake salla. Wanda ba ya son hoton mai rai a gidansa kan faɗa tun kafin biki, cikin ladabi, a kawo masa zanen furanni ko na gora. Wanda kika gani kakar amarya ce ta wajen uwa ta kawo, ita ma a bikinta aka ba ta.

A gaida Baffa da yaran.