Sanyin da ke cikin tallan giya, daga aljihunka yake fitowa

Tambaya: Ina da ƙaramar mashaya. Tallan kamfanonin giya kullum a kan sanyi yake, wasu har cewa suke a digiri sifili ake shan tasu. Wakilin wani kamfani ya ce in na sayi firjin da ke kai kwalba ƙasa da sifili, cinikina zai ninka cikin wata uku. Ina so in ci bashi in saya. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman lamba ɗaya tak da ta fito daga littafinka, ban samu ba. Kwalba nawa kake sayarwa a rana? Ribar nawa ce a kan kowace? Mutum nawa suka taɓa turo maka kwalba suka ce ba ta yi sanyi ba? Duk lissafin da ke cikin wasiƙar nan na wakilin kamfani ne, kai kuma za ka sa hannu a takardar bashi a kan romon bakinsa. Wannan ne ya dame ni, ba firjin ba.

Ka san abin da ya sa suke ta kururuta sanyi? A 2007 Coors Light a Amurka ta fito da kwalba mai hoton tsauni, wanda ke rikiɗewa shuɗi idan kwalbar ta yi sanyi. Heineken na da wadda take kira Extra Cold, a sifili ake zuba ta. Asahi a Japan ta sauka har digiri 2 ƙasa da sifili. Dabara ce mai kyau, amma dubi abin da ake tallatawa: abu ne da kamfani bai zuba a cikin kwalba ba. Shi tawada ya buga a jikin takarda. Sanyin kuwa firjinka ne zai yi shi, wutarka ce za ta ci, dare da rana.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa duk yadda giya ta ƙara sanyi daɗinta ke ƙaruwa. Sanyi mai tsanani yana danne ƙamshi, yana dakushe harshe. A 2005 masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka nuna cewa harshe ya fi jin zaƙi idan abu ya ɗan yi ɗumi. Farar giya marar nauyi, irin wadda aka fi tallatawa, tsakanin digiri 3 zuwa 7 ta ishe ta. Masu duhu da kauri sun fi son sama da haka, a mashayun Ingila ma giyarsu ta ganga a digiri 11 zuwa 13 ake ajiye ta. Firji na yau da kullum, in lafiyarsa ƙalau, yana kai digiri 3 zuwa 4. Wato mai yiwuwa abin da za ka ciwo bashi dominsa yana tsaye a bayan kantarka.

Na taɓa zama da wani mai sana'a irin taka da ya hau wannan dokin. Bai jira firji na musamman ba, sai ya sayo babbar firiza bashi, ya murɗa ta har ƙarshe, ya loda kwalabe ya tafi gida. Bai san giya mai kashi 5 cikin 100 na barasa tana fara daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili ba, kuma ruwa in ya daskare kumbura yake. Da safe ya ɗaga murfi ya tarar da marafan kwalabe a ɗage, kumfa ta daskare a wuyansu, wasu sun tsage tun daga gindi. Waɗanda suka tsira kuma da suka narke sun yi lami. Na tambaye shi asarar nawa ya yi, ya ce "da yawa dai". Ko adadin abin da ya zuba a ciki bai rubuta ba. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa rijiyar bashin nan, ya fi shekara yana neman fita.

Ga lissafin da wakilin bai yi maka ba. A ce kuɗin firjin da ruwan bashin sun kai ribar kwalba 6,000. In ya ƙara maka cinikin kwalba 10 a rana, sai ka yi kwana 600 kafin ka mayar da kuɗinka, ban da wuta da gyara. Maganar ninka ciniki cikin wata uku kuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Firji ba ya haifar masu saye.

Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka saka cikin firjin da kake da shi, ka duba da safe, ka sake dubawa lokacin da mutane suka cika. Sau da yawa matsalar robar bakin ƙofa ce ta saki, ko ana cusa kaya masu ɗumi gab da cunkoso. Kwana 30 ka rubuta abin da ka sayar da duk wanda ya yi ƙorafin sanyi. In wakilin ya dawo, ka ce masa tunda ya tabbata cinikin zai ninka, kamfaninsu ya kawo firjin da kuɗinsa. In sun yarda, karanta sharaɗin da kyau kafin ka sa hannu, domin galibi ba sa barin a saka kayan wani kamfani a ciki. Bayan kwana 30 ɗin ka turo mini abin da littafinka ya nuna, mu zauna a kansa.