In zuba ruwan sukari a gindin tumatir mai yaushi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni noman rani nake a Ajiwa, bana tumatir ɗina yana fara fure sai ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, da rana ya yi yaushi ya kwanta alhali ruwa bai yanke mashi ba. Wani a WhatsApp ya ce mani in jiƙa sukari in zuba a gindi wai yana jawo ƙwayoyin halitta masu kare shuka. Da gaske ne?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Maganar tana da tushe amma don Allah kar ka zuba.

Ita shuka da kanta tana tsiyayar da sukari ta saiwa, daga abincin da ganye ya haɗa da hasken rana. To akwai wata bakteriya mai amfani a ƙasa, Bacillus subtilis, a wurinta sukarin nan kamar gangar gayya ne. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna idan ta same shi tana mayar da shi wani abu mai yauƙi, gutsattsarinsa su sa ta fitar da sinadarin safaktin, da shi take sulɓi ta bazu da sauri ta lulluɓe saiwar, kafin funfunar Fusariyum mai kawo yaushi ta zo an riga an cika wurin, ga kuma wasu sinadaran da take fitarwa masu huda jikin funfunar.

Sai dai wannan gwaji ne da aka auna komai. A fadamarka kowa na son sukari, har ƙwayoyin da ke kawo cutar, ga kiyashi, kuma ƙwayoyin da za su yi yawa su cinye sinadarin takin yuriyarka su bar tumatir da yunwa. Wanda cutar ta riga ta shiga jijiyarsa kuma ba ya tashi.

Ka tumɓuke guda ka tsaga karan da wuƙa, in cikin ya yi ruwan ƙasa to yana iya zama alamar Fusariyum. Ka kuma tsoma yankakken kara a kofin gilas mai ruwa, in wani farin abu ya riƙa zuba kamar zare, wannan cutar bakteriya ce daban. Ka kai wa malamin gona na KTARDA, hukumar aikin gona ta jihar Katsina, ya gani.

Masu cutar ka cire ka ƙone, kar ruwa ya bi ta kansu zuwa sauran fangali. Baɗi ka sa masara ko alkama a wurin, ka zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai, funfunar nan tana shekaru a ƙasa tana jiran tumatir.