Saita kontak da taimin a injin Kohler K301

Ka ce ka sa sabon kontak (ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta) a ƙaramar taraktarka mai injin Kohler K301, amma tana wuyar tashi, kana neman yadda ake saita taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Malam, a wannan injin tazarar kontak ita ce taimin ɗin. Cire fulogi, ka juya filawil (babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin) da hannu har kontak ya buɗe iyakarsa, ka sa tazarar inci 0.020, wato kusan rabin milimita. Daga nan leƙa ƙaramar kafar da ke jikin murfin filawil, ka ci gaba da juyawa ta inda injin ke bi. Daidai lokacin da harafin S da ke jikin filawil ya zo tsakiyar kafar, nan ya kamata kontak ya fara buɗewa. Ka ɗora mitar gwada lantarki a kan kontak ɗin, ido kaɗai ba ya kama wannan.

In ya buɗe kafin S, rage tazarar. In bayansa ne, ƙara ta. Ni alamar S nake bi fiye da awon tazarar, domin siririn ƙarfen da ke tura kontak yana cinyewa a tsohon inji. Kuma ka goge bakin sabon kontak da farar takarda, maiƙon da ke kansa ya taɓa hana taraktata wuta kwana biyu.